Henry Wellcome: Mai Sayar da Magani da Ya Kai Ribarsa Hartum

Karatu: Karin Magana 11:1, Luka 12:42-48, Markus 8:34-38

Da yawa daga cikin masu sauraronmu 'yan kasuwa ne. Akwai mai shago, akwai mai awon hatsi, akwai mai kemis, akwai kuma uwar da ke toya ƙosai tun asuba saboda kuɗin makarantar yara. A taron matasa da na zumuntar mata tambaya ɗaya takan taso: me ya sa Allah ya sa ni a kasuwa? Waɗansu suna tsammani aikin Allah yana kan bagadi ne kaɗai, kasuwa kuwa wurin neman kuɗin baiko ne kawai. Maganar Allah ba ta koyar da haka ba. Lidiya mai sayar da tufafi ce, Akila da Bilkisu maɗinkan tanti ne, Bo'aza kuma babban manomi ne mai ma'aikata da yawa.

A wannan karon za mu duba rayuwar wani ɗan kasuwa mai suna Henry Wellcome, wanda ya rasu a shekarar 1936. Ɗan mai wa'azi ne, ya yi arziki da sayar da magani, ya kuma kai wani kaso na arzikinsa birnin Hartum na ƙasar Sudan. Akwai abin koyi a rayuwarsa, akwai kuma abin tsoro. Dukansu biyu za su taimake mu mu gane cewa ciniki amana ce daga wurin Allah, kuma za a tambaye mu yadda muka riƙe ta.

Ɗan mai wa'azi

An haifi Henry Wellcome ranar 21 ga Agusta 1853 a wani ƙauye mai suna Almond, a jihar Wisconsin ta Amurka, cikin ɗakin da aka gina da gungumen itace. Mahaifinsa, Solomon Wellcome, talakan manomi ne wanda daga baya ya zama mai yawon wa'azi. A gidansu ana karanta Littafi Mai Tsarki kullum, ba a shan giya, ba a kuma wasa da ranar sujada. A shekarar 1861 iyalin suka ƙaura zuwa garin Garden City a jihar Minnesota, inda ɗan'uwan mahaifinsa, Jacob, yake aikin likita yana kuma da shagon magani. Shekara ɗaya bayan haka yaƙi ya ɓarke tsakanin baƙin da suka zo kama gonaki da mutanen Dakota, masu ƙasar na asali. Henry yana ɗan shekara 9 ya taimaki baffansa wajen jinyar waɗanda suka ji rauni. Tun daga lokacin ya san darajar magani a hannun mai ciwo.

A shagon baffansa ya fara koyon sana'a. Yana ɗan shekara 16 ya fitar da hajarsa ta farko, wata tawada da ya ce ta mamaki ce, wadda ba a ganin rubutunta sai an kara takardar kusa da wuta. Ruwan lemun tsami ne kawai ya ba shi babban suna. Wayon yarinta ne, amma yana nuna mana hanya biyu da ke gaban kowane mai baiwar talla. Bakin da ya iya sayar da ruwan lemo da sunan abin mamaki zai iya cutar dubban mutane, zai kuma iya kai musu abin da zai amfane su.

Ya tafi garin Rochester yana shekara 17, inda wani likita mai suna William Mayo ya ƙarfafa shi ya nemi ilimi. Da rana yana aiki, da dare yana karatu, har ya gama makarantar harhaɗa magunguna ta Philadelphia a shekarar 1874. Ya zama ɗan tallan wani kamfanin magani. Aikin ya kai shi har dazuzzukan ƙasar Ekwado, inda ake sassaƙo ɓawon itacen da ake yin kwinin da shi, wato maganin zazzaɓin cizon sauro na wancan zamani. Ya je ya ga tushen hajarsa da idonsa, ya rubuta abin da ya gani, masu sana'ar kuma suka fara sanin sunansa.

Awo na gaskiya

A shekarar 1880 wani abokinsa Ba'amurke, Silas Burroughs, ya kira shi Landan su haɗa jari. Wellcome bai da isassun kuɗi, sai Burroughs ya ranta masa wani kaso. Haka kamfanin Burroughs Wellcome ya fara.

Sai mu san yadda kasuwar magani take a Ingila a lokacin. Galibin magunguna gari ne ko ruwa, mai shago yana haɗawa da hannu, awon yau daban da na gobe. Jaridu kuma cike suke da tallan kwalaben da aka ce suna warkar da kowace cuta, ba wanda ya san abin da ke ciki. A shekarar 1909 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta auna da yawa daga cikinsu, ta tarar kayan da ke ciki na 'yan kwabbai ne, ana sayar da su da tsada ga matalauta masu ciwo. Duk wanda ya taɓa jin mai lasifika a tashar mota yana tallan kwalba ɗaya mai maganin basir da hawan jini da ciwon sukari ya san irin wannan ciniki.

Burroughs da Wellcome suka bi wata hanya. Suka riƙa matse magani ya zama ƙwaya, kowace ƙwaya da awonta daidai, a rubuce a jikin kwalba. A shekarar 1884 suka yi wa ƙwayoyinsu rajista da suna Tabloid. Suka riƙa aika wakilansu wurin likitoci su bayyana musu abin da ke cikin maganin. Likita a Landan da ma'aikacin mishan a tsakiyar Afirka duka suna iya dogara cewa abin da aka rubuta shi ne a ciki. A kan wannan amincin arzikinsu ya ginu.

'Yan'uwa, wannan shi ne tushen ciniki a gaban Allah. Karin Magana 11:1 ta nuna mana cewa Ubangiji yana ƙyamar sikelin da aka murɗe, yana kuma murna da awon da ya cika. Littafin Firistoci 19:35-36 ya haɗa maganar mudu da sikeli da sunan Allah wanda ya fitar da jama'arsa daga Masar. Annabi Amos, a sura 8, ya tsawata wa 'yan kasuwar da ke ƙosawa ranar hutu ta wuce domin su koma su rage mudu, su ƙara farashi, su haɗa hatsi da ƙaiƙayi. Mai saye ba ya iya leƙa cikin ƙwayar magani, ba ya iya zazzage buhu duka a kasuwa. Ya ba ka amana ne a kan abin da idonsa bai gani ba.

Mu a Nijeriya mun san abin da cin wannan amana ke jawowa. A shekarar 2008 wani maganin fitar haƙori na jarirai mai suna My Pikin, wanda guba ta gurɓata, ya hallaka yara aƙalla 84. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta rasa 'yar'uwarta saboda jabun allurar ciwon sukari, shi ya sa ta yaƙi masu jabun magani har aka nemi ranta. Algus a cikin magani kisan kai ne, ko da mai shagon bai taɓa ganin gawar ba.

Abokan ciniki biyu

Silas Burroughs mai zuwa sujada ne da gaske, ɗan ikilisiyar Firesbiteriya, mai sakin hannu. Ya matsa a rage wa ma'aikatan masana'antarsu ta Dartford lokacin aiki zuwa awa 8 a rana, a kuma riƙa ba su wani kaso na ribar shekara, a zamanin da yawancin masana'antu ke tatsar ma'aikata daga safe har dare. Ya ba da kuɗin fara gina asibiti a garin, aka sa masa sunan David Livingstone. Wellcome kuwa mutum ne mai tsantseni, mai bin lissafi, ba ya barin ko kuskure ɗaya ya wuce. Allah ya haɗa su domin kowa ya cike giɓin ɗan'uwansa.

Amma da kuɗi suka yi yawa, zumunci ya lalace. Zargi ya shiga tsakani, har a shekarar 1889 maganar raba jari ta kai su gaban alƙali. Wellcome ya yi nasara a shari'ar, suka ci gaba da zama a kamfani ɗaya, amma galibin maganarsu ta koma ta wasiƙa da lauyoyi. A watan Fabrairu 1895 Burroughs ya rasu ba zato, yana shekara 48, ba su shirya ba. Wanda ya ranta wa abokinsa jarin farko ya tafi kabari suna gaba. Manzo Bulus, a 1 Korantiyawa 6, ya gargaɗi masu bi game da kai juna ƙara, Ubangiji Yesu kuma a Matiyu 5:23-24 ya sa sulhu da ɗan'uwa gaba da kai baiko. Idan kana da abokin ciniki da kuka daina gaisawa saboda lissafi, kada ka jira sai an kira ka jana'iza.

Bayan haka kamfanin ya zama na Wellcome shi kaɗai. Ya riga ya buɗe ɗakin bincike a 1894, inda aka riƙa yin maganin cutar mashaƙo mai shaƙe yara, ya ƙara wani a 1896. Ya ɗauki masana ya biya su albashi, ya bar su su bi bincikensu ko da ba a ga ribarsa nan kusa ba. Ɗaya daga cikinsu, Henry Dale, ya sami lambar yabo ta Nobel a 1936.

Hartum da Umdurman

Yanzu bari mu juya zuwa Sudan. Hartum tana inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, Umdurman kuma tana tsallaken ruwa ta yamma. Kakanninmu sun san waɗannan birane. Alhazan ƙasa daga Kano da Katsina da Borno sukan bi ta Wadai da Darfur su sauka a Umdurman, su yi ƙwadago ko ciniki su tara guzuri kafin su nufi Bahar Maliya. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu na can har yau suna jin Hausa.

A watan Janairu 1885 mayaƙan Mahadi suka ci Hartum, aka kashe Janar Gordon, aka mai da fadar mulki Umdurman, Hartum ta zama kufai. Yunwa mai tsanani ta faɗa wa ƙasar wajen shekarar 1889, ga yaƙi, ga annoba. Ranar 2 ga Satumba 1898 sojojin Ingila da Masar a ƙarƙashin Kitchener suka gwabza da rundunar Halifa Abdullahi a Karari, kusa da Umdurman. Mutanen Sudan fiye da 10,000 suka mutu a wuni ɗaya, ɗaya ɓangaren kuwa bai rasa ko 50 ba. Gwauraye da marayu suka cika gari.

A ƙarshen shekarar 1900 zuwa farkon 1901 Wellcome ya hau Kogin Nilu ya iso wannan ƙasa. Ya ga yadda zazzaɓi da yunwa suka cinye mutane a ƙauyukan bakin kogi. A lokacin ana gina wata makaranta a Hartum don tunawa da Gordon, wadda daga baya ta zama Jami'ar Hartum. Wellcome ya yi alkawari zai sa ɗakunan bincike a cikin ginin da kuɗinsa, da dukan kayan aiki, domin a gano cututtukan mutane da na dabbobi da na amfanin gona, a kuma auna ruwan sha da abinci. A 1902 aka naɗa wani likita ɗan Sikotilan, Andrew Balfour, ya shugabanci wurin, shi ne kuma ya zama jami'in lafiya na birnin.

Shekara 5 kacal kafin nan, a 1897, Ronald Ross ya tabbatar cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓi. Balfour ya kafa ayarin ma'aikata masu bin gida-gida suna duba rijiyoyi da randuna da kududdufai da jiragen ruwan da ke tsayawa a gaɓa. Suna zuba mai a kan ruwan da ya kwanta, suna cike ramuka, suna gyara yadda ake kwashe shara da bayan gida. Cikin 'yan shekaru zazzaɓin cizon sauro ya ragu ƙwarai a Hartum. A 1907 Wellcome ya ƙara musu da ɗakin bincike a kan jirgin ruwa, wanda ake ja zuwa kudu inda babu hanyar mota. Da gobara ta cinye kayan aikin a 1908, ya sake saya musu waɗansu.

Gaskiya ita ce, wannan aiki ya yi wa masu mulkin mallaka amfani, domin suna bukatar sojoji da ma'aikata masu lafiya, ya kuma ɗaukaka sunan kamfanin Wellcome a duniya. Zuciyar ɗan Adam ba ta rasa gauraye. Duk da haka sauro ba ya tambayar ko wane ne mai mulki kafin ya yi cizo. Jaririn da ya rayu a unguwar talakawa saboda an rufe kududdufin ƙofar gidansu ya ci moriyar ribar da aka samu a kantunan Landan.

Akwai kuma wani abin lura. A waɗannan shekaru gwamnati ta hana 'yan mishan yin wa'azi a fili a arewacin Sudan. Llewellyn Gwynne da abokan aikinsa, waɗanda suka iso a ƙarshen 1899, sai suka duƙufa kan makarantu da jinyar marasa lafiya a Hartum da Umdurman. Ƙofar da aka rufe wa mai wa'azi a buɗe take ga likita da ɗan kasuwa. Haka yake a garuruwanmu. Akwai maƙwabta da ba za su taɓa shiga majami'a ba, amma kullum suna zuwa shagonka. Mudunka da farashinka da yadda kake cika alkawari su ne abin da za su sani game da Almasihun da kake bi.

Ma'aikata a Jabal Moya

A 1910 Wellcome ya koma Sudan, ya fara haƙar kayan tarihi a wani dutse mai suna Jabal Moya, kusa da garin Sannar, kudu da Hartum. Yankin ne da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya sauka da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Ɗaya daga cikin dalilan Wellcome shi ne ya samar wa mutanen wurin aikin yi. Ya ga cewa sadaka takan ƙare, amma albashi yana barin mutum da mutuncinsa. Cikin shekara 4 ma'aikatansa suka kai wajen 4,000. Ya buɗe musu asusun ajiya don kada kuɗin ya ƙare a ranar biya, ya sa aka koya wa waɗansu sana'o'in hannu, yana kuma ba da gashin ɗawisu a matsayin lambar girma ga wanda ya yi wata 2 bai sha giya ba.

Wannan ya dace da koyarwar Littafi Mai Tsarki. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta umarci a biya ɗan ƙwadago kafin rana ta faɗi, Yakubu 5:4 kuma ya ce hakkin ma'aikaci da aka danne yana kai kuka wurin Ubangiji. Samar da aiki ga mutum ɗaya hidima ce. Amma a nan ma an ga raunin Wellcome. Ubangida ne mai tsanani, komai sai yadda ya ce. Ya sa aka tone kaburbura kusan 3,000 na mutanen dā, ya hana a zubar da ko tsingaro, aka loda akwatuna zuwa Ingila. Yaƙin duniya na 1914 ya tsai da aikin, ba a buga cikakken rahotonsa ba sai 1949, bayan rasuwarsa. Son tarawa ya riga ya fara cin ƙarfinsa.

Gidan da ya rushe

A tafiyarsa ta farko zuwa Hartum ya haɗu da Syrie, 'yar Dokta Thomas Barnardo, sanannen bawan Allah mai gidajen marayu a Ingila. Suka yi aure a watan Yuni 1901, yana shekara 47, ita kuwa 21. Allah ya ba su ɗa ɗaya a 1903. Amma Wellcome ya riga ya ba da zuciyarsa ga tara tsofaffin kayan magani da littattafai da layu da makamai daga ko'ina a duniya. Yana jan matarsa daga ƙasa zuwa ƙasa, daga wannan shagon gwanjo zuwa wancan. Yaron, wanda ba shi da ƙoshin lafiya, aka ba waɗansu riƙonsa tun yana ƙarami. A 1909, suna ƙasar Ekwado, ya zarge ta da rashin aminci. Suka rabu a 1910, ya ƙi sake ganinta, aka kuma kashe auren a kotu a 1916. Ya ci gaba da ɗaukar nauyin ɗansa, amma gidan bai sake tashi ba.

Ɗaukaka ta ci gaba da zuwa. Sarkin Ingila ya ba shi sarautar girmamawa a 1932. Kayan da ya tara sun kai wajen miliyan 1, da yawa suna cikin akwatunan da bai taɓa buɗewa ba. Ya tsufa cikin kaɗaici, ya rasu a Landan ranar 25 ga Yuli 1936, yana shekara 82. An ƙona gawarsa, tokar kuwa ta zauna a ajiye har shekara 51, sai a 1987 aka binne ta a harabar babbar majami'ar Saint Paul.

Ɗan'uwa, tsaya ka yi tunani a kan wannan. Mutumin da ya kori sauro daga wani birni a Afirka bai iya kore zargi daga ɗakinsa ba. Ya san awon kowace ƙwaya, amma bai auna lokacin da iyalinsa ke bukata ba. A Markus 8:36 Ubangiji ya sa duniya duka a gefe ɗaya na sikeli, ran mutum a ɗaya gefen, ya nuna cewa ran ya fi nauyi. Hukuncin zuciyar Henry Wellcome na Allah ne. Namu shi ne mu ji gargaɗin. Akwai dattawan ikilisiya da ke buɗe shago kafin yara su tashi, su rufe bayan sun yi barci, har Lahadi da yamma suna kan lissafi. Yaran suna da kuɗin makaranta, amma ba su san muryar mahaifinsu a addu'a ba.

Wasiyya

Abu na ƙarshe da ya yi shi ne ya fi daɗewa. A 1924 ya tattara dukan kamfanoninsa wuri ɗaya, a wasiyyarsa kuma ya danƙa hannun jarin duka ga amintattu, da sharaɗin a riƙa kashe ribar a kan binciken lafiyar mutane da dabbobi. Haka aka haifi gidauniyar Wellcome Trust, wadda ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a duniya a fannin binciken lafiya, tana tallafa wa bincike a ƙasashe irin su Kenya da Malawi. Daga ɗakunan binciken kamfanin aka sami Daraprim, wanda iyayenmu suka riƙa ba mu kowace Lahadi don rigakafin zazzaɓi, da kuma Septrin. Wataƙila kai ma ka sha ribar wannan ɗan mai wa'azi ba ka sani ba.

Amma suna mai kyau ba ya tsare kansa. A 1987 kamfanin ya fitar da AZT, maganin farko na cutar ƙanjamau, ya sa masa farashin kusan dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya. Marasa lafiya suka yi zanga-zanga, sai da aka rage farashin sau biyu. A 1995 kamfanin ya haɗe da Glaxo. Kowace tsara sai ta sake amsa tambayar da kanta: nawa ya dace in karɓa daga wanda ba shi da zaɓi sai ya saya?

A Hartum kuma, aikin binciken da ya fara ya koma hannun gwamnatin Sudan, ya ci gaba a babban ɗakin gwaje-gwajen lafiya na ƙasa. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, mayaƙa suka mamaye wannan wuri cikin 'yan kwanaki, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi. Kasuwanni da asibitoci da masallatai da majami'u a Hartum da Umdurman sun sha ɓarna, mutum fiye da miliyan 10 suka bar gidajensu a faɗin ƙasar. Gini yakan rushe. Abin da aka yi wa mai bukata saboda ƙauna yana rubuce a wurin Allah.

Abin da za mu ɗauka

Me ya sa Allah ya sa ka a kasuwa? Domin ta hannunka maƙwabcinka ya sami abin da yake bukata, mai kyau, a kan awo da farashi na gaskiya. Riba halal ce, ita ce ladan wahalarka, da ita za ka ciyar da iyalinka, ka biya yaran shagonka, ka kuma sami abin taimakon mai bukata kamar yadda Afisawa 4:28 ta koyar. Luka 12:42-48 ya kira mu wakilai a gidan wani, kuma wanda aka danƙa wa da yawa za a nemi da yawa a hannunsa. Ba sai ka mallaki masana'anta ba. Tiya ɗaya ta masara ma amana ce.

Ka bincika kanka a wannan mako. Ko akwai kaya a shagonka da kwanan watansu ya wuce, ka goge lambar? Ko mudun da kake saye da shi daban yake da wanda kake sayarwa da shi? Ko kana ɓoye hatsi sai damina ta yi tsanani ka fitar? Yaron da ya yi maka shekaru yana hidima, ka sallame shi kamar yadda kuka yi alkawari? Yaushe rabon da ka zauna da matarka da 'ya'yanka ku karanta Maganar Allah tare? Idan Ruhu Mai Tsarki ya nuna maka wani abu, ka tuna da Zakka mai karɓar haraji a Luka 19. Da Yesu ya shiga gidansa, ya buɗe littafin lissafinsa ya mayar wa waɗanda ya cuta da hakkinsu. Gaskiyar ciniki ba ta sayen ceto, jinin Almasihu ne kaɗai ya biya wannan. Amma wanda aka cece shi, za a ga alamar a sikelinsa.

Addu'a

Ya Uba na sama, mun gode maka domin sana'ar da ka sa a hannunmu. Ka gafarta mana inda muka rage awo, ko muka danne hakkin ma'aikaci, ko muka bar iyalinmu saboda neman kuɗi. Ka ba mu zuciya mai aminci a kasuwa da kuma a gida. Ka sulhunta abokan ciniki da suka ɓata. Ka ji ƙan mutanen Hartum da Umdurman da dukan ƙasar Sudan, ka kawo musu salama, ka ta da masu gaskiya da za su sake gina kasuwanninsu da asibitocinsu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.